Labarin da ke bin kaza, daga Vom zuwa kejin bayan gida

 Gaisuwa ga mutanen cikin garin Jos, da na Bukuru da Zawan, da na Mista Ali da Babale, har Mangu da Bokkos in muryata na isa can. Shirin yau na masu kiwon kajin gidan gona ne. Amma mai shanu kada ya murɗa rediyonsa, haka ma mai noman dankalin Turawa, domin kafin mu rabu kowa zai ji nasa.

A ina ake yin ƙwan Jos? Kowa ya san Filato ta yi suna da ƙwai, motoci na lodinsa zuwa Bauchi da Kano da Abuja da Maiduguri. To in baƙo ya ce ka kai shi masana'antar, ina za ka nufa da shi? Ɗan tsakon, galibi a yankin Ibadan inji ya ƙyanƙyashe shi bayan kwana 21, ya kwana a mota kafin ya iso. Masarar da zai ci daga Mangu take ko Saminaka, waken soya daga Binuwai, aka niƙa aka haɗa a injinan Bukuru irin na Grand Cereals masu Vital Feed, ko kuma mai gonar ya haɗa abinsa da kansa. Rigakafin daga Vom ya fito, ko daga ƙasar waje. Ita kuwa kazar tana bayan gidan wata malamar makaranta mai kaji 300, ko a gonar wani alhaji mai 20,000. Kashinta ma ba ya zama wuri ɗaya, a buhu ake ɗura shi, 'yan lambun bakin tsofaffin kududdufan kuza su saya.

Hannu ya fi goma a kan ƙwai ɗaya, kuma babu manaja. Wannan warwatsuwa tana da amfani: mai ƙaramin jari ya samu shiga, in gona ɗaya ta durƙushe saura na tsaye. Matsalar ita ce kayan aikin nan suna da rai. Buhun siminti zai jira ka wata guda a sito bai canza ba. Ɗan tsako ba ya jira, rigakafi ba ya jira, ƙwayar cuta kuwa kafin ka gama shawara ta tsallaka katanga. Saboda haka abin da ke riƙe da sana'ar shi ne labari: wa ya san me, yaushe ya sani, wa ya gaya wa. Kuma ra'ayina, wanda zan tsaya a kansa har ƙarshen shirin, shi ne mun iya sauko da labari daga sama, daga ofis da ɗakin gwaji da gidan rediyo irin wannan. Labarin da ya kamata ya hau daga keji zuwa sama shi ne gurgu.

Ɗauki kwalbar rigakafin Lasota ka duba. 'Yar ƙarama ce, ba ta wuce babban yatsanka ba, an toshe bakinta da roba an daɓe da gwangwani, a gindinta wani busasshen dunƙule mai ruwan madara. A cikin dunƙulen nan akwai ƙwayar cutar Newcastle mai rai, wadda aka zaɓo marar kaifi, aka raine ta a cikin ƙwai, sannan aka daskarar aka busar. Tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, tun daga inda aka yi ta har zuwa bakin kejinka. Sanyin Jos da muke taƙama da shi bai kai nan ba, balle a watan Maris da Afrilu. In firjin mai shago ya kwana biyu babu wuta, janareta babu mai, ƙwayar za ta raunana ko ta mutu. Ga inda gizo ke saƙar: kwalba mai rai da matacciya kamarsu ɗaya. Iyaye mata da suka kai yara ɗigon foliyo sun san ɗan tambarin nan da ke jikin kwalbar, wanda ke yin duhu in zafi ya taɓa ta. Galibin kwalaben rigakafin kaji ba su da shi. Tarihin kwalbar kaɗai ke gaya maka gaskiya, shi kuma tarihin yana bakin mutane.

Ko kwalbar ta iso lafiya, saura bokiti. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin yana kashe rigakafi. Da zarar an jiƙa shi kuma, awa biyu ce iyakarsa, shi ya sa ake janye wa kaji ruwa na ɗan lokaci tukuna don su sha da ƙishi.

Yanzu a ce an yi duk wannan, bayan mako uku cuta ta shiga. Me mai gona ke cewa? Rigakafin nan jabu ne. Ina kwalbar? An jefar a bola tun ranar. Da ya rubuta lambar rukunin da ke jikinta, da sunan shagon, da ranar saye, da an yi aiki da hankali. In gonaki goma suka koka, lambar rukuninsu ɗaya amma shaguna daban-daban, to a koma wa wanda ya haɗa rigakafin. In shago ɗaya ne amma lambobi sun bambanta, a je a duba firjin mai shagon. In kai kaɗai ne, Malam, duba bokitinka. Layi ɗaya a takarda ya raba gardamar da in babu shi sai dai a yi ta zargin juna har abada.

Akwai rigakafin Newcastle da ake kira I-2, wanda masana a Ostireliya suka samar, ana kuma yin sa a Vom. Ya fi jure zafi, an yi shi ne domin kajin ƙauye inda babu firji, a ɗiga a ido. Ya rage wahala ƙwarai. Sai dai jure zafi daban, a bar shi a gaban mota cikin rana daban.

Shi ma ɗan tsako da nasa tarihin yake zuwa, ko da yake ba ya magana. Yana fitowa da wata kariya daga cutar Gumboro wadda ya gada daga uwarsa ta cikin gwaiduwa, kullum tana raguwa. Ka yi masa rigakafi da wuri, kariyar uwa ta cinye rigakafin, ka yi asarar kuɗinka. Ka makara, cutar ta riga ka. Ranar da ta dace ta dogara da irin rigakafin da aka yi wa iyayen, wanda ya san wannan kuwa yana can gidan ƙyanƙyasa, tafiyar yini da dare daga nan. Kwalin 'yan tsakin kuma sai ya bi hannun dillali biyu ko uku kafin ya zo gare ki, Hajiya, ba komai a jikinsa sai suna da adadi. Shi ya sa kowa ke kwafar jadawalin maƙwabcinsa, alhali 'yan tsakinsu ba gida ɗaya suka fito ba. Ki tambayi ranar ƙyanƙyasa. Ki tambaya ko an yi musu allurar Marek tun can. Ki nemi jadawalin gidan da ya ƙyanƙyashe su. Dillalin da ya ji haushin tambayar, ya riga ya ba ki amsa.

Bari mu ɗan koma baya, don wannan magana ta girmi kajin gidan gona. A ƙarshen ƙarni na 19 cutar bushiya ta share mafi yawan shanun ƙasar nan. Turawan mulki suka kafa sashen kula da dabbobi a Zariya a 1913, sannan a 1924 aka dawo da aikin Vom, inda aka fara da haɗa maganin bushiya. Wannan aikin ne ya zama Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, NVRI, mai rassa a jihohi da dama, ga kwalejoji biyu a gefenta suna horar da ma'aikata. A wannan shekara ta 1924 ɗin dai aka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a birnin Faris, kuma ita ma bushiya ce sanadi: a 1920 wasu shanu da aka ɗauko daga Indiya za a kai Barazil sun yada zango a tashar jirgin ruwan Antwerp, suka bar wa Beljiyam cutar. Ƙasashe suka ga babu mafita sai kowa ya riƙa faɗin abin da ya ɓulla a gidansa. Har yau ƙa'idar ita ce ƙasa ta sanar cikin awa 24 in ta tabbatar da irin waɗannan cututtuka.

An samu rigakafin bushiya mai kyau, aka yi gagarumin gangami a Afirka daga 1962, har aka ɗauka an gama da ita. Aka saki jiki, aka daina bibiya. A farkon shekarun 1980 ta dawo, dattawan Fulani ba su manta 1983 ba. Abin da ya taimaka wajen ƙarasa ta daga baya, ban da rigakafi mai jure zafi, shi ne likitoci sun sauko sun zauna a kan tabarma da makiyaya a gabashin Afirka suna tambayarsu: ina kuka ga ciwon, yaushe, wace hanya garken ya bi? Makiyayi ya san abin da taswirar ofis ba ta sani ba. An ga bushiya karo na ƙarshe a Kenya a 2001, aka shelanta kawar da ita daga duniya a 2011.

To mu zo kan murar tsuntsaye. A wajen 10 ga Janairun 2006 kaji suka fara mutuwa a wata babbar gona a Jaji, jihar Kaduna. Aka yi ta zaton wata cuta ce daga cikin waɗanda aka saba. Sai da samfuri ya je ɗakin gwaji a Padova ta ƙasar Italiya, ranar 8 ga Fabrairu aka sanar cewa H5N1 ce, karo na farko a nahiyar Afirka. Kusan wata guda ke nan. Cikin watan nan motocin ƙwai ba su tsaya ba, kasuwannin kaji na ci. Ana sanarwa sai ga ta a Kano da nan Filato. Kafin ta lafa a 2008 ta shiga jihohi 25 da Abuja, tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya sun mutu ko an kashe su, ta kuma kashe wata matashiya a Legas a 2007. Ta dawo a 2015, Filato da Kano na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Yau ba sai an je Italiya ba kafin a sani, injinan gwajin da ke Vom na iya gano ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Inji ya yi sauri. Kawo masa samfurin ne har yanzu yake tafiyar hawainiya.

Me ya sa? Ku sa kanku a matsayin mai kaji 2,000 da bashi a wuyansa. Ya shiga keji da asuba ya tarar 40 a kwance. Kafin la'asar sun zama 200. Lambobi biyu ne a wayarsa, ta likita da ta dillali. In ya kira dillali, kafin gari ya waye mota ta kwashe masu sauran numfashi a rabin kuɗi, ya tsira da wani abu. In ya kira likita, za a rufe gonar, a kashe kajin, a binne, sannan ya shiga jiran diyya. A 2006 Naira 250 aka fara yankewa kan kowace kaza, abin da bai kai kuɗin kaza mai ƙwai a kasuwa ba, ko da yake an ƙara daga baya. Masu gona da yawa kuma sun ga yadda jiran ke tsawo. Ni ba zan zagi wannan bawan Allah ba, lissafi ya yi. Amma lissafin nasa ya tsaya a bakin ƙofarsa, kajin da ya sayar kuwa gobe suna keji ɗaya da na wasu a kasuwa, jibi wani ya sayi biyu ya kai gida. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kuma ko ta fuskar aljihunsa, diyya kan kajin da hukuma ta tarar da rai ta kashe ake lissafa ta, waɗanda suka riga suka mutu ba sa ciki. Duk awar da ya ɓata, kuɗinsa ne ke raguwa.

Ga hukuma kuma, magana ɗaya ce. Biyan diyya da wuri, a kan farashin da ya yi kusa da na kasuwa, shi ne kuɗin sayen labari. Ba a sayen labarin nan da gargaɗi ko barazana. Mutum ba ya kai ƙarar kansa inda ya san zai dawo hannu rabbana. Haka nan in an ɗebi samfuri a gonar mutum, a koma a gaya masa sakamako, ko da ba a sami komai ba. Wanda aka ɗebi jinin kajinsa aka yi shiru, ba zai sake kira ba.

Akwai kuma wasu mutane da ban taɓa jin an gayyace su taron bita ba, alhali sun fi kowa sani. Dillalin ƙwai ya san gonar da ta saba ba shi kiret 50 ta koma 20 cikin kwana uku. Mai shagon abinci ya san wanda ya daina ɗaukar buhu ba zato. Yaran da ke yawon yi wa kaji allura da yanke baki suna shiga gona huɗu a yini. Mai sayen kashin kaji ya san inda aka share keji ba lokacin sharewa ba. Su ne jijiyoyin sana'ar. Kuma su ɗin dai, ba da niyya ba, su ne hanyar cutar: kiret ɗin takarda da ya zaga gonaki ba ya wankuwa, ga tayar mota, ga takalmin da ya taka keji ya taka wani. Hanyar da cuta ke bi ita ce hanyar da labari zai iya bi, in an ja mutanen nan a jiki. Da ni ne shugaban reshen ƙungiyar masu kiwon kaji, da dillalan ƙwai zan fara zama.

Sai maganar waya. Zaurukan WhatsApp na masu kaji sun yi amfani, ba na musu. Farashin masara, ranar isowar 'yan tsaki, shagon da ke da rigakafi, duk cikin minti. Amma ku lura da abin da ke faruwa in wani ya saka hoton matacciyar kaza. Kafin likitan da ke zauren ya buɗe wayarsa, mutum bakwai sun rubuta magani bakwai. Wani ya turo hoton shekara uku da ta wuce ya ce na jiya ne, farashin ƙwai ya faɗi a banza. Murar tsuntsaye da Newcastle mai tsanani ko likita ba ya rantsuwa a kansu da ido, sai an gwada, balle a hoto. Yawan magana ma toshe hanya yake yi. Shawarata ita ce a raba labarin gida biyu. Sunan gona da na mai ita, wannan na likita ne da hukuma. Abin da zaure ke buƙata shi ne yanki da rana: an sami mutuwar kaji da ba a saba ba a yanki kaza, kowa ya rufe ƙofarsa, a dakata da karɓar tsohon kiret. In aka kama sunan mutum a zaure, an kashe masa kasuwa, an kuma koya wa sauran su yi shiru. Kuma a wakilta mutum ɗaya ko biyu da sanarwar cuta za ta riƙa fitowa daga bakinsu, bayan sun ji daga likita.

Na yi wa mai dankali alkawari. Kai ma iri kake saye a kasuwa ba ka san sau nawa aka maimaita shi ba, alhali kowane zagaye yana tara cuta yana rage yabanya, shi ya sa tashar binciken dankali da ke Kuru ke aikin tsabtataccen iri. Cutar nan mai ƙona ganye kuma, in damina ta yi nisa aka jera kwanaki ana yayyafi da hazo, wanda ya fara ganinta a gonarsa ya riƙe kwana biyu ko uku na dukan maƙwabtansa a hannunsa, don feshin kariya kafin ta kama yake aiki. Mai shanu, kai ma in saniya ta fara tari da nishi bayan ka haɗa mashaya da baƙon garke, rana da wurin da aka haɗu su ne abin da likita zai fara tambaya.

Duk wannan daga littafi ɗaya yake farawa, na Naira kaɗan, a rataye da igiya a ƙofar keji, biro a ɗaure a jikinsa. Kullum layi ɗaya: kwanan wata, nawa suka mutu, buhu nawa suka ci, jarka nawa suka sha, kiret nawa aka tsince, wane magani ko rigakafi aka ba su da lambarsa, wa ya shigo. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a yini, wato buhu mai kilo 25 na ciyar da kaji 200 da 'yan kai. Kaji 1,000 a ganiyarsu za su ci kusan buhu biyar, su ba ka kiret 26 zuwa 30. Ranar da ka ga an rage abinci a mazubi, ko ruwan da ke ƙarewa da azahar ya kai la'asar, kajin sun fara yi maka magana tun ba wadda ta faɗi. Wanda ba ya rubutu ba zai lura ba, don ido yana sabawa. In yaron gona ne ke riƙe da littafin, kada ka ci masa mutunci ranar da ya rubuta mutuwa da yawa. In ka yi haka sau ɗaya, daga ranar lissafinsa zai riƙa fitowa tsaf, gawar kuma tana bayan katanga.

In kuwa ka ga mutuwa ta farat ɗaya, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu sun yi ja kamar jini ya kwanta, to rufe ƙofa. Kada kaza ta fita, ko ƙwai, ko buhun kashi. Kada a yanka a ci, kada yara su taɓa. Kada ka zuba gawar a leda ka hau Keke ko motar haya da ita zuwa Vom, ka bar ma'aikata su zo su ɗauka da kayan kariyarsu. Kira likitan dabbobin da ke duba maka kaji, ko ofishin lafiyar dabbobi na jiha, da littafin a hannunka. Ka faɗa masa kaji nawa ne, makonsu nawa, yaushe mutuwar ta fara da adadin kowace rana, wane rigakafi aka yi na ƙarshe, da duk wanda ya shigo ko ya fita da kaya cikin makonni biyun da suka wuce. Lambar likitan kuma yau za ka nema ka rubuta a bangon littafin, tun kaji na cin abincinsu lafiya.